Tarihin ACL, Jerin Izinin Wucewa a Na'urorin Suwic

ACL jerin dokoki ne da ake rubuta wa na'urar sadarwa domin ta san ƙunshin bayanan da za ta bari ya wuce da wanda za ta yar. Littattafan koyon sana'ar sukan nuna kamar a kamfanin Cisco aka ƙirƙiro shi, alhali dabarar ta girmi intanet. Tun 1965 masu tsara manhajar Multics a Amurka suka bayyana jerin da ke faɗin wanda ya halatta ya buɗe kowane fayil.

A ƙarshen shekarun 1980 aka ɗauko dabarar zuwa layukan sadarwa. Wasu na danganta hakan da tsutsar Morris, wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci a Nuwamba 1988, amma ta dai ƙara wa aikin gaggawa ne. Shaidar da ta fi tsayuwa kan farkon tace ƙunshin bayanai a layukan sadarwa ita ce maƙalar Jeffrey Mogul na kamfanin DEC ta 1989. A lokacin rauta ce ke tacewa. Suwic ba ta shigo kasuwa ba sai wajen 1990, daga kamfanin Kalpana, wanda Cisco ya saye a 1994.

Tsarin Cisco ne ya zama abin koyi. Jeri mai lamba 1 zuwa 99 adireshin mai aikowa kaɗai yake dubawa, mai lamba 100 zuwa 199 kuwa yana haɗawa da adireshin mai karɓa da irin hidimar da ake nema. Na'urar kan bi jerin daga sama, ta tsaya a dokar farko da ta dace, ko da akwai wadda ta fi ta dacewa a ƙasa. A gindin kowane jeri kuma akwai dokar da ba a rubuta: duk abin da ba a ambata ba, an hana shi. Nan ne sabon shiga kan kulle kansa a waje. Sai a manhajar Cisco ta IOS 11.2 aka fara laƙaba wa jeri suna maimakon lamba.

Abin da ya jinkirta shigar ACL cikin suwic shi ne gudu, domin karanta dokoki ɗaya bayan ɗaya zai sa ta jan ƙafa. Mafita ta zo daga ma'adanar TCAM, wadda ke gwada ƙunshi da dukkan dokokin a lokaci guda. Bayan ƙa'idar 802.1Q ta 1998 ta daidaita rarraba suwic zuwa rukunan VLAN, suwic ta Cisco mai suna Catalyst 6000 ta 1999 ta iya tace zirga-zirga har tsakanin kwamfutocin da ke rukuni ɗaya, inda rauta ba ta gani. Sai dai TCAM na da tsada, ga cin wuta, ga ƙarancin wuri, shi ya sa jerin da ya yi tsawo kan ƙi shiga.

Kowane kamfani ya ci gaba da nasa salon rubutu. A Maris 2019 ƙungiyar IETF ta fitar da RFC 8519, tsarin bai-ɗaya na bayyana ACL da harshen YANG.