Dajin Bwindi: Yadda ake ziyartar gorilar tsauni, da inda kuɗin ke tafiya

A kudu maso yammacin Uganda, dab da iyakar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, akwai wani daji mai duhu da ake kira Bwindi. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 330 ba, amma a cikinsa ne kusan rabin gorilar tsauni da suka rage a duniya ke zaune. Gorila ita ce dabbar da kafafen yaɗa labarai na Hausa suka saba kira gwaggon biri, kodayake ta fi wanda aka sani a dazukan ƙasar Hausa girma nesa ba kusa ba: ƙaton namiji, wanda bayansa ke yin furfura idan ya manyanta, yakan haura kilo 150.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe dajin a 1932. Gwamnatin Uganda ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1991, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. Tsaunukansa sun tashi daga mita 1,160 zuwa kimanin 2,600 sama da teku, abin da ya sa ake sanyi da hazo a wurin duk da kusancinsa da tsakiyar duniya.

Nawa suka rage?

Gorilar tsauni wuri biyu kawai take rayuwa. Na farko Bwindi da dajin Sarambwe na Kwango da ke manne da shi. Na biyu tsaunukan Virunga, inda iyakokin Ruwanda da Uganda da Kwango suka haɗu. Ƙidayar 2018 ta gano 459 a Bwindi da Sarambwe, wadda aka yi a Virunga kafin nan ta gano 604, jimilla 1,063 ke nan. A farkon shekarun 1980 waɗanda ke Virunga ba su wuce 250 da 'yan kai ba. Wannan ƙaruwa ce ta sa a Nuwamban 2018 ƙungiyar IUCN, mai bibiyar halittun da ke fuskantar ɓacewa, ta sauko da su mataki ɗaya daga rukunin mafi tsananin haɗari.

Ƙaruwar tana tafiya a hankali ne saboda yanayin haihuwarsu. Macen takan ɗauki ciki wata takwas da rabi, ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta yi shekara huɗu kafin ta sake. Mutuwar dabba ɗaya a irin wannan adadi babbar asara ce.

Yadda ziyarar take

An fara kai baƙi wajen gorila a Bwindi a 1993, da garken Mubare a yankin Buhoma. Yanzu ana shiga ta wurare huɗu: Buhoma, Ruhija, Rushaga da Nkuringo. Ba kowane garke ake ziyarta ba, sai waɗanda ma'aikata suka shafe kimanin shekara biyu suna bi kullum har suka saba da ganin mutum. Irin waɗannan garken sun haura 20.

Tun da asuba masu bin sawu sukan shiga daji zuwa inda garken ya kwana, su riƙa sanar da jagora ta rediyo. Baƙi kuwa sukan taru da safe a ofishin gandun, a karanta masu dokoki, a raba su mutum takwas-takwas, kowace tawaga da garke ɗaya. Tafiyar na iya ƙarewa cikin awa ɗaya, tana kuma iya cinye yawancin yini, ana hawa ana gangara cikin taɓo, jagora na share hanya da adda. Da zarar an cim ma garken, agogo ya fara bugawa: awa ɗaya tak aka yarda a tsaya. Ba a cin abinci a gabansu, ba a haska fitilar kyamara, ba a shiga da wanda bai kai shekara 15 ba. Tazarar da aka gindaya a da mita bakwai ce, bayan annobar korona aka mayar da ita goma, aka kuma wajabta takunkumin fuska. Gorilar dai ba ta san wannan doka ba, 'ya'yanta sukan matso da kansu, kuma hotunan da baƙi ke ɗorawa a Instagram shaida ce cewa ana yawan karya ta.

Dalilin tsaurin shi ne cuta. Kimanin kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin halittar gorila iri ɗaya ne da na ɗan Adam, don haka murar da mutum zai warke daga gare ta cikin kwana uku tana iya kashe ta. A 1996 ƙazuwa ta ɓulla a wani garke a Bwindi har jariri ɗaya ya mutu. Dakta Gladys Kalema-Zikusoka, likitar dabbobin daji ta farko a hukumar kula da namun daji ta Uganda, ita ta yi jinyar sauran, kuma bincike ya danganta cutar da ƙauyukan da ke gefen daji, inda gorila ke shiga gonakin ayaba. Daga baya ta kafa ƙungiyar da ke aikin lafiyar mutanen ƙauyukan, bisa hujjar cewa ba za a iya kare dabbar ba alhali maƙwabtanta ba su da asibiti.

Ban da gorila, dajin na ɗauke da nau'in dabbobi masu shayarwa kimanin 120, ciki har da birin cimfanzi da giwaye ƙalilan da ba kasafai ake ganinsu ba, da tsuntsaye kusan nau'i 350. An fi zuwa a watannin da ruwa ke sauƙi, Yuni zuwa Satumba da Disamba zuwa Fabrairu. Daga Kamfala tafiyar awa takwas zuwa goma ce a mota. Daga Kigali ta fi kusa, kimanin awa huɗu.

Farashi, da rabon da ke kaiwa ƙauye

Tun daga Yulin 2024, takardar izinin wannan awa ɗaya dalar Amurka 800 ce ga baƙon da ya zo daga wajen nahiyar. 'Yan ƙasashen Afirka da ba na gabashi ba, irin su Najeriya da Nijar da Ghana, dala 500 suke biya, 'yan Gabashin Afirka kuma shilin 300,000 na Uganda. Ruwanda ta fi tsada: dala 1,500 tun 2017. Garke ɗaya da ya samu cikakkiyar tawagar Turawa takwas yana kawo wa Uganda dala 6,400 a yini, kafin a yi maganar otal da mota. Da wannan kuɗi ne hukumar namun daji ke tallafar wasu gandayen da ba sa iya riƙe kansu.

Abin da dillalan yawon buɗe ido suka fi son faɗa shi ne cewa doka ta ware wa al'ummar yankin kashi 20 cikin 100. Gaskiya ne, amma kashi 20 na kuɗin shiga gandu ne kawai, wanda ɗan ƙaramin ɓangare ne na farashin takardar. A kan wannan ake ƙara dala 10 daga kowace takarda. Dala 10 cikin 800 bai kai kashi biyu cikin 100 ba. Kuɗin ma ta hannun ƙananan hukumomi yake bi kafin ya zama aji ko rijiya ko akuya, a yankin da ke cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Afirka, inda gona ke ƙarewa daidai inda bishiyar farko ta gandu ta fara. Manomin da giwa ko gorila ta ɓarnata wa amfani ba lallai ne ya ga ko sisi ba. Kuɗin da ke shiga aljihun ɗan ƙauye kai tsaye shi ne ladan 'yan dako masu ɗaukar wa baƙi jaka, shi ya sa jagorori ke roƙon kowa ya ɗauki ɗan dako ko da kayansa ba su da nauyi.

Lokacin da korona ta tsayar da zuwan baƙi a 2020, raunin tsarin ya fito fili. A watan Yuni aka tsinci gawar Rafiki, jagoran garken Nkuringo, an soke shi da mashi. Mutumin da aka kama ya ce farautar ƙananan namun daji ta kai shi, gorilar ta taso masa ya kare kansa. Kotu ta ɗaure shi shekara 11.

Batwa

Kafin a kira shi gandu, dajin gidan mutane ne. Ƙabilar Batwa, mafarauta masu ɗiban zuma da saiwoyi, sun rayu a cikinsa tun zamanin da ba a san farkonsa ba. Da aka kafa gandayen Bwindi da Mgahinga a 1991, an fitar da su da ƙarfin hukuma. Saboda ba su da gonaki ko takardar mallaka irin wadda gwamnati ta sani, galibinsu ba su samu diyya ba, suka koma zaman aro a filayen wasu suna ƙwadago. Ƙidayar Uganda ta 2014 ta nuna yawansu bai wuce 6,200 ba. A yau baƙo na iya biyan kuɗi Batwa su zagaya da shi, su nuna masa yadda kakanninsu ke kunna wuta da ɗebo zuma a dajin da su kansu ba sa shiga sai da izini.

A 2013 suka kai ƙara, kuma sai a Agustan 2021 Kotun Tsarin Mulki ta Uganda ta yanke cewa an zalunce su, an raba su da ƙasar gado ba tare da diyya ba, ta kuma miƙa wa Babbar Kotu aikin fayyace irin gyaran da ya wajaba a yi masu. Hukuncin bai mayar da su cikin dajin ba.

Tsaro

Ranar 1 ga Maris 1999 'yan tawayen Interahamwe na Ruwanda suka tsallako daga Kwango suka far wa sansanin Buhoma, suka kashe baƙi takwas da jami'in gandu ɗaya. Tun daga nan ba a barin tawaga ta shiga daji ba tare da masu bindiga ba, kuma ba a sake ganin hari irinsa a Bwindi ba. A ƙetaren iyaka lamarin daban ne. Gandun Virunga na Kwango, wanda aka kafa a 1925, ya yi asarar masu gadi fiye da 200 a hannun 'yan bindiga, yankin da gorilarsa ke zaune kuma ya faɗa hannun 'yan tawayen M23 bayan da suka sake ɗaukar makami a ƙarshen 2021, abin da ya rufe ƙofar ziyara a can.

Najeriya ma tana da tata gorilar, wani nau'i daban da ke tsaunukan jihar Kuros Riba da ƙetaren Kamaru, a wurare irin su Afi da Mbe. Waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba, kuma ba a horar da su sabo da mutane ba, don haka yawancin abin da aka sani game da su daga sheƙar kwanansu ne da kyamarorin da aka ɗaure a jikin bishiyoyi.