Saiti da Sanɗa: Yadda Doka ta Zaɓa wa Maharbi Bindiga

Idan rani ya kama, aka kawar da amfanin gona a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, maharba sukan shiga daji da bindigar toka a kafaɗa. Da wuya a ga mai ɗauke da bindiga mai sakata, irin wadda ake auna dabba da ita daga nesa. Talauci yana da hannu a wannan, amma asalin maganar doka ce.

Bambancin bindigogin biyu yana cikin bututu. Na bindigar toka sumul yake, dalma tana fita tana tangaɗi. Na mai sakata kuwa an yi masa tsagi masu murɗewa, waɗanda ke juya harsashi kamar katantanwa, ya tafi a miƙe. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasel, suka taƙaita shigar da bindigogi masu tsagi cikin mafi yawan Afirka, suka bar wa 'yan ƙasa masu sumul da albarushin kasuwa. Da sojojin Kanar Morland suka tashi daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, kuma tazarar da ke tsakanin makaman ɓangarorin biyu na cikin dalilan wannan gaggawa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta bi sawu: ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin haramtattu, bindigar toka kuma ta ba ta rukuninta dabam.

Saboda haka waɗanda suka san mai sakata ciki da bai a Arewa su ne sojoji da 'yan sanda, musamman mazan da suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945 da Lee-Enfield a hannu. A barikin an koya musu cewa bindiga ba ta kauce wa saiti haka kawai. Abu na farko tsatsa ce. Harsashin wancan zamani yakan bar wani gishiri a bututu wanda mai ba ya narkar da shi, sai tafasasshen ruwa; wanda ya yi sakaci, tsagin bindigarsa zai cinye. Na biyu bakin bututu: igiyar goge ciki, in ana jan ta a karkace, takan lashe gefe guda, harsashi ya riƙa fita a baude. Sai katako, wanda shi ne maƙiyin ɓoye. Yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, ya danne bututu ta inda bai kamata ba, ko ya bar babban noti ya saki. Bindigar da aka daidaita a Agusta tana iya yin ƙarya a Janairu. Turawan ma sun sha wannan darasi: sabon albarushinsu ya cinye tsagin Lee-Metford da wuri, har suka sake fasalin tsagin a 1895.

Maharbin Bahaushe bai gaji wannan ilimi ba, ya gaji wani. Tunda bindigarsa ba ta cin nesa, sai ya rage nesan da ƙafarsa. Ya karanci iska, ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe har gada ta saki jiki. Masu raina bindigar toka sukan manta cewa wannan sanɗa ta fi murɗa noti wuyar koyo.

Sai dai dajin ya sauya. A sassa da dama na Jihar Kaduna, maharba da 'yan banga ake kira su tsare gari, alhali masu kawo harin suna riƙe da AK-47, wadda ke cin ɗaruruwan mita kuma ba ta jiran a sake ɗura albarushi.