Yadda wasiƙunmu suka maƙale a cikin tsohuwar manhaja

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, duk wanda ya leƙa Banex Plaza a kan titin Aminu Kano da ke Wuse II a Abuja zai tarar da gardama iri ɗaya tsakanin masu gyaran kwamfuta da masu kawo musu aiki. Mai ofis ya sauya na'ura, an ɗora masa Windows 11, sai ya ce a mayar masa da manhajar imel ɗin da ya saba da ita. Mai gyara ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan ai ta tsufa, a buɗe a burauza kawai." Shi kuma ya kafe, sai ita. Na sha tsayawa ina sauraron wannan ja-in-ja, kuma kusan kullum zuciyata tana wajen mai ofis.

Asalin abin ba shi da tsawo. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da sunan na'ura. A 1982 aka tsara ƙa'idar aikawa da ake kira SMTP. Sai kuma hanyoyin karɓa guda biyu: POP, wadda ke kwaso saƙonni daga uwar garke, wato kwamfutar mai ba da imel, ta sauke su a kwamfutarka, da IMAP, wadda ke barin su can kana duba su daga nesa. Eudora ta fito a 1988 daga Jami'ar Illinois, ta yi tashenta shekaru kafin kamfanin Qualcomm ya daina sabunta ta a 2006.

Mu a nan labarin ya soma ne a ƙarshen shekarun 1990. Abuja ta zama mazaunin gwamnati a Disamba 1991, ofisoshin lauyoyi da 'yan kwangila da masu sayar da tikitin jirgi suka cika shiyyoyin Wuse, kuma intanet ta iso musu ta layin tarho na NITEL. Wanda bai ga wannan zamani ba zai yi wuya ya gane yadda minti ɗaya yake da daraja. Ka buga layi, ya yi ta ƙara, ya kama ko ya ƙi kamawa. In ya kama, tarhon ofis ya toshe ke nan har ka gama. Ga wutar NEPA da ba ta sallama in za ta tafi. A wannan hali babu mai hankalin da zai zauna yana rubuta wasiƙa layi a buɗe. Sakatariya takan rubuta duka wasiƙun ranar ta jera su, a buga layi sau ɗaya, a danna maɓallin aikawa da karɓa, cikin 'yan mintuna a kashe. Outlook Express, wadda ta fito a 1997 kuma take zuwa kyauta a cikin Windows 98 da Windows XP, kamar don wannan aka ƙera ta. Masu Microsoft Office kuma suna da yayarta, Outlook.

To, a nan ne nake ganin tushen matsalar yake. Ofisoshin nan akasari da POP suka yi aiki, kuma yadda manhajar take a saite, da zarar ta sauke saƙo sai ta goge shi daga uwar garke. Akwatin da ake ba mutum ƙarami ne ƙwarai. Kafin Gmail ta zo a Afrilu 2004 da gigabait ɗaya, Hotmail megabait 2 take bayarwa kyauta. Saboda haka wasiƙun shekara da shekaru, takardun kwangila, rasit, amsar ma'aikata, duk suna wuri ɗaya tak a duniya: ma'adanar kwamfutar ofis, cikin fayil mai ƙarshen suna dbx in Outlook Express ce, ko pst in Outlook ce. Mutumin da ke cewa a mayar masa da tsohuwar manhaja, kabad ɗin takardunsa yake nema, kuma mabuɗin kabad ɗin ita ce manhajar.

Ana kawo wasu dalilai, na sani. Masu gyara sukan ce tsufa ne da ƙin sauyi. Amma wannan dattijon da ake zargi shi ne ya bar wayar girke ya koma salula bayan 2001, ya koyi WhatsApp, yana tura kuɗi ta waya. Me zai sa imel kaɗai ta gagare shi? Wasu su ce ai manhajojin sata ne, shi ya sa ba sa sabuntuwa. Gaskiya ne faifan Office 2007 na bogi ya zagaya gari, amma Outlook Express kyauta take zuwa, kuma waɗanda suka sayi Office na halal ma suna cikin wannan wahalar. Bayanin da ya fi kusa da gaskiya shi ne na tsadar na'ura: Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa, alhali yawancin kwamfutocin hannu da aka shigo da su daga Turai shekarun baya ba su kai nan ba. Wannan ya bayyana dalilin jinkirin sauya na'ura, amma bai bayyana dalilin da ya sa wanda ya riga ya saya yake waiwayen tsohuwar manhaja ba.

Kamfanin Microsoft da ya ƙera manhajojin nan ma ya taimaka wajen rikita mutane. Outlook Express ta tsaya a zubi na 6 tun 2001. Windows Vista ta maye gurbinta da Windows Mail. Windows 7 ta zo a 2009 babu manhajar imel a cikinta sam, sai dai ka sauko da Windows Live Mail, ita ma aka daina kula da ita a Janairu 2017. Windows 10 ta zo da Mail, aka rufe babinta a ƙarshen Disamba 2024, aka ce kowa ya koma sabuwar Outlook. Manhaja biyar ke nan cikin shekara ashirin da 'yan kai, kuma ba kowacce ke karanta fayil ɗin wadda ta gabace ta ba. Ban ga laifin wanda ya gaji da ƙaura ba.

Abin da ba a cika faɗa wa masu ofis ba shi ne, sau da yawa babbar manhajar, wato Windows, ba ita ce ta hana ba. Ban da Outlook Express, wadda aka saƙa ta cikin jikin tsohuwar Windows ta yadda ba ta ɗoruwa a sabuwa ta hanyar da ta dace, sauran da dama suna buɗewa. Outlook 2007 da 2010 sukan hau Windows 10 har da 11, duk da kamfanin ya ce babu ruwansa. Inda ake cin karo shi ne ƙofar uwar garke. Tsohuwar manhaja suna da kalmar sirri kaɗai ta iya miƙawa, masu ba da imel kuwa sun daina karɓar hakan ɗaya bayan ɗaya: Yahoo a 2020, Gmail a ƙarshen Mayu 2022, Outlook.com a Satumba 2024. Yanzu sai an bi ta wata taga ta tantancewa da manhajar 2007 ba ta san da ita ba. Shi ya sa za ka ga tana ta neman kalmar sirri, ka saka daidai, ta sake nema. Nan ne mai gyara kan ce Windows ce, a yi fomatin. Wani lauya ɗan'uwana a Wuse Zone 4 ya rasa wasiƙun shekara tara ta wannan hanya, domin yaron da ya yi masa aikin ya kwashe hotuna da takardu ya bar fayil ɗin imel a ɓoyayyar foldarsa. Har yau in ya tuna sai ya ce: "Yaya, da ka san abin da ke ciki."

Akwai wani ciwon da ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Tsofaffin manhajoji irin su Eudora ba su iya ƙ da ɗ da ɓ ba. Waɗanda suka damu da rubutun Hausa sukan yi amfani da salon haruffa na musamman, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera, kuma in mai karɓa ba shi da su sai ya ga wasu alamomi dabam. Wannan kaɗai ya isa ya sa ban ba kowa shawarar ya ci gaba da rubuta sabuwar wasiƙa da manhajar da aka yi kafin 2003 ba. Ga kuma haɗarin tsaro, tunda ba a toshe ɓarakarta, da iyakar gigabait 2 da tsofaffin fayilolin dbx da pst suke da ita, wadda in aka ƙetare fayil ɗin yakan lalace.

Gmail da Yahoo har yanzu suna ba da kalmar sirri ta musamman don tsohuwar manhaja, kuma tana aiki, amma ni ina ɗaukar ta gadar ƙetarawa ce kawai. Abin da na ga ƙwararrun masu gyara suna yi shi ne su kwafe fayil ɗin a falas biyu kafin su taɓa komai. In pst ne, Outlook ta tebur ta yanzu tana buɗe shi. In dbx ne, sai a bi da shi ta Windows Live Mail ya rikiɗe zuwa wasiƙu ɗai-ɗai, daga nan a zuba su cikin Thunderbird, wadda take kyauta, ta iya sabuwar tantancewa, kuma ana karanta wasiƙu a cikinta ko babu data. Aikin yakan ci yini guda, shi ya sa mai gyaran da ke sauri ba ya son sa, kuma shi ya sa nake ce wa duk mai zuwa Banex ya tsaya a kan kafaɗar yaron har ya ga wasiƙarsa mafi tsufa ta buɗe a sabuwar na'urar kafin ya yarda a goge tsohuwar.