Maki da dabarun kai hari a taekwondo

Taekwondo wasan faɗa ne da ya samo asali daga Koriya, wanda ƙafa ce babban makaminsa. Ya zama cikakken wasan Olympics a birnin Sydney a shekarar 2000, kuma hukumar World Taekwondo, wadda aka kafa a 1973, ita ke tsara dokokinsa a manyan gasanni.

Lissafin maki

A dokokin da aka bi a gasar Paris ta 2024, naushi a ƙirji maki 1 ne, shuri a jiki maki 2, shuri a kai maki 3. Idan ɗan wasa ya juya baya kafin ya kai shurin, na jiki ya zama maki 4, na kai kuma maki 5. Naushi a fuska haramun ne. Duk laifin da alƙali ya hukunta, wato gam-jeom, yana ba abokin karawa maki 1. Ana yin turmi uku, kowanne minti biyu, kuma wanda ya ci turmi biyu shi ya yi nasara.

Dabarun kai hari

Shurin da aka fi yawan gani shi ne dollyo chagi, wanda ake kaɗo ƙafa ta gefe, domin yana da sauri kuma ba ya buɗe mai shi sosai. Akwai naeryo chagi, a ɗaga ƙafa sama a sauke ta kan abokin karawa kamar sarar gatari. Dwi chagi, shurin baya, an fi amfani da shi wajen tarbar wanda ya kutso.

Sulken lantarki da aka fara amfani da shi a Olympics ta Landan a 2012, da kwalkwalin lantarki da ya biyo baya a Rio a 2016, sun sauya salon wasan ƙwarai. Da yake na'ura ce ke ƙirga maki a jiki da kai, 'yan wasa suka koma dogaro da ƙafar gaba, suna ɗaga ta suna tokare juna suna neman taɓa sulke. Masu sha'awar tsohon salo sun soki wannan, suna cewa wasan ya rasa ƙarfinsa. Salon ya fi yi wa dogaye daɗi. Issoufou Alfaga Abdoulrazak na Nijar, wanda tsayinsa ya haura mita biyu, ya ci azurfa a Rio, sannan ya zama zakaran duniya a Muju a 2017.

Shurin juyi yana da haɗari, amma yana iya juya wasa cikin ƙiftawar ido. A wasan ƙarshe na kilo 80 a Rio, Cheick Sallah Cissé na Kwaddebuwa yana baya da ci 4 da 6 a hannun Lutalo Muhammad na Birtaniya, sai ya juya ya sami kansa a daƙiƙar ƙarshe. A dokar wancan lokaci shurin maki 4 ne, aka tashi 8 da 6.