Daga Ɗakin Jinya Zuwa Kan Dala

Wadda ba ta taɓa kwanciyar karaya ba, ba ta san darajar ƙafa ba. Ni dai na sani. Farkon damina santsi ya kwashe ni a bakin rijiya, ƙashin ƙaurina ya karye, na yi wata uku ko banɗaki sai an riƙe ni. Ni da nake cin gudun mita 400 a sakandare, sai ga ni ina jan gindi a tsakar gida. A kwancen nan na riƙa karanta littattafan tarihin Kano na maigida don rage kaɗaici, sai na lura duk inda labarin ƙasar nan ya juya, to akwai dutse a wurin. Nan na ƙudura, in Allah Ya tashi kafaɗuna, sai na hau uku: Fanisau, Goron Dutse da Dala.

Ba garaje na yi ba. Likita ya ce in bi a hankali, na kuwa bi. Da sanda na fara, daga ɗaki zuwa madafa, daga nan zuwa zaure. Da aka cire amfanin gona sai na roƙi izinin maigida, ni da ƙanwarsa mu bi hanyar gona bayan sallar Asuba. Yau mu kai gindin ɗorawa, gobe mu kai gindin kuka. Ranar da ƙafar ta kumbura, sai in huta in gasa ta da ruwan ɗumi.

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, muka fara da Fanisau don ita ce kusa da mu. Duwatsunta ba su da tsawo can, amma kada ki raina su. A nan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya yi gida da sansani don tsare birni daga hare-haren Ɗan Tunku na Kazaure. A nan ne ma Baturen Ingila Kilafatan ya je ya gaishe shi a 1824. Shi ne garin da ake yi wa Hawan Fanisau bayan Babbar Sallah. Da na tsaya a sama na dubi arewa, sai na gane dabarar. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, gona na bin gona, gida na bin gida, mai tsaro zai hango ƙurar dawaki tun daga nesa. Ke nan tsaron ran manoman karkara da rumbunansu ne ya sa aka hau dutsen nan.

Goron Dutse bai ba ni wuya sosai ba, sai dai iska mai fasa leɓe. Shi ne abokin tagwaitakar Dala a cikin ganuwa, kuma saboda tsayinsa aka ɗora masa tankin ruwan famfo don ruwa ya gangaro wa mutanen birni.

Sai uwa uba Dala. Tun daga gindinta gabana ya faɗi, na ce anya ban ɗauko Dala ba gammo ba? Matakala ce ake bi, na hau ina hutawa, ƙafa tana zogi, yaran unguwa suna wuce ni a guje suna dariya. Na zauna a sama ina haki, sai abin da na karanta ya riƙa dawo mini. Tarihi ya ce maƙera ne daga Gaya suka fara zama a nan, neman tama ya kawo su, su ne ake kira Abagayawa. Masu binciken kayan tarihi sun tono wuraren narka ƙarfe a gindin dutsen, waɗanda suka kai wajen ƙarni na 7. A kan Dala Barbushe yake zaune, shi ne mai kula da tsafin Tsumburbura. Bagauda ya zama sarki a 999, jikansa Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara gina ganuwa. Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ya rushe ɗakin tsafin, sannan a zamanin Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali, Musulunci ya shiga fada. Alhamdu lillahi da Allah Ya fitar da mu daga wancan duhu. A watan Fabrairu na 1851, cikin irin wannan hazo, wani Bajamushe mai suna Barth ya hau nan ya zana hoton birnin. Har asibitin ƙashi na Kano ma sunan Dala yake ɗauke da shi, abin ya ba ni dariya da na dubi ƙafata.

Amma kin san abin da ya fi tsaya mini a rai? Littattafan nan sunan sarakai da mayaƙa kawai suka riƙe. To wa ya ɗebo wa maƙeran ruwa? Wa ya daka musu hatsi, ya yo musu itace? Mata ne irinmu. Kakata ta sha ba ni labarin yadda take sammako daga ƙauyenmu da ƙwaryar kaya a ka da goyo a baya, ta kai birni, ta dawo kafin Magariba. Mu jikokinsu kuwa daga gado sai tabarma, ga ciwon baya, ga hawan jini, alhali shekara talatin kawai muka ba baya.

Ban ce ki fita yawo ba izini ba, 'yar'uwa. Tsakar gidanki ma fili ne, ki zagaya shi kullum har ki yi gumi. In kin ji ciwo, ki je a yi miki hoton ƙashi, ki yi haƙuri ya warke, kada kuma tsoro ya zaunar da ke har abada. Ni bayan saukowata daga Dala da wata biyu na fara ɗan sassarfa a hanyar gona, da hijabina, daga ɗorawa zuwa kuka. Ban kai gudun sakandare ba, amma wallahi ranar sai da na yi hawaye.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.