Tarihin Fitowa ta Shida ta Mujallar Star Wars

2.1 Gabatarwa

A wannan sashe za a dubi tarihin fitowa ta shida ta Star Wars, mujallar labari cikin zane wadda kamfanin Marvel na Amurka ya buga a 1977. Wannan fitowa ce ta ƙunshi gwabzawar jiragen sararin samaniya da ta rufe labarin.

2.2 Samuwar Mujallar

A tsakiyar shekarun 1970 cinikin irin waɗannan mujallu ya ja baya a Amurka, kuma Marvel na cikin matsin kuɗi. Da aka kawo wa Stan Lee shawarar mayar da fim ɗin George Lucas zuwa zane, da farko ƙi ya yi. Roy Thomas ne ya matsa har aka amince, shi ya rubuta labarin, Howard Chaykin kuma ya zana. Fitowa ta farko ta shiga kasuwa a watan Afrilu, alhali fim ɗin bai fito ba sai 25 ga Mayu, 1977.

2.3 Abin da Fitowar ta Ƙunsa

Fitowar ta nuna yadda ƙananan jiragen 'yan tawaye suka tashi daga Yavin suka far wa Death Star, katafaren sansanin yaƙin Daula mai iya tarwatsa duniya guda. Mafi yawansu sun halaka, ciki har da Biggs, kafin Luke Skywalker ya harba makami cikin wata ƙaramar kafa sansanin ya tarwatse.

Abin lura a nan shi ne, da rubutaccen wasan aka yi aiki tun kafin a gama tace fim ɗin. Saboda haka mujallar ta adana abubuwan da aka cire. Misali, abotar Luke da Biggs a garinsu ta bayyana tun fitowa ta farko, don haka mutuwarsa ta fi taɓa mai karatu fiye da mai kallo.

2.4 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mujallar ta zama taskar tarihin fim ɗin. Haka kuma Jim Shooter, wanda ya zama babban editan Marvel a 1978, ya bayyana cewa cinikinta ne ya ceci kamfanin. Ta ci gaba da fitowa har sau 107, kafin a dakatar da ita a 1986.