Daga Fito zuwa Gada: Tarihin Ƙetare Shuɗin Nilu

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas. Sun fara sauka a Shaikh Talha, a gaɓar gabas ta kogin Shuɗin Nilu, sannan wajen 1906 suka ƙetare zuwa yamma suka kafa garin Mai Wurno, kudu da Sinnar. A wancan zamani kwalekwale ne abin fito, kuma Hausawa da Fulanin da suka zauna a bakin kogin sun rayu da su da noman jarfu, wato gaɓar da ake shukawa idan ambaliya ta janye.

A 1925 gwamnatin mulkin mallaka ta kammala madatsar Sinnar domin shayar da gonakin auduga na Jazira. Madatsar ta zama mashigi, har jirgin ƙasa mai zuwa Gadarif ya riƙa bi ta kanta. Lissafin injiniyoyi a lokacin na ruwa ne da auduga, domin babu dokar da ta wajabta auna abin da aiki zai jawo wa masunta da manoman gaɓa. Haka aka gina madatsar Rusairis a 1966. Daga baya aka yi gadar Hantub a Wad Madani, wadda ta ɗora hanyar Khartoum zuwa Port Sudan a kan kogin.

Sai a 2001 Sudan ta kafa dokar kare muhalli, wadda ta ce duk babban aiki sai an gabatar da nazarin tasirinsa kafin a soma. Ga gada, nazarin yakan duba inda ambaliya ke kaiwa, zaizayar gaɓa, hanyar kifi, da gonakin da titi zai cinye. An ga nauyin irin wannan tambaya sa'ad da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, aikin da ya ƙare a 2013, domin ruwa ya ci ƙauyuka, aka mai da mutanensu sababbin matsugunai.

Matsalar tana wajen diyya. Ana biyan wanda ke da takardar mallaka, alhali Hausawa da yawa a Jazira ƙodago suke yi, suna zaune a kanabi, wato unguwannin leburori, ba su da gona a rubuce. Masunci da mai fito kuwa ba su da fili sam, sana'arsu a kan ruwa take. Nazarin da ya ƙidaya takardu kaɗai zai tsallake su, ko da kakanninsu sun riga madatsar Sinnar zama a bakin kogin.